Amsar da Na Sace Maka

Bagadaza, Gombe.

Zuwa ga Dikko,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ko kana cikin mota lokacin da ka buɗe ta, ko ka riga ka sauka Ibadan. Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya haɗa ka da abokan zama nagari a wurin karatun nan da za ka ƙara. Zan ba innarka takardar in ce ta cusa ta a ƙasan jakarka, ƙarƙashin dambun naman da ta yi maka, don na san in na miƙa maka da hannuna a tasha za ka buɗe a gabana, ni kuwa ba zan iya tsayawa ba.

Labarin gida babu wanda ba ka sani ba. Nasihar salla da riƙon amana da kiyaye 'yan matan jami'a kuma innarka ta yi maka har ta yi yawa, ina jin ta ta taga. Ni tawa a kan karta ce. Kada ka yi dariya. Mutum abin da yake da shi yake bayarwa. Na yi shekara talatin da wani abu ina awon filaye a ma'aikata, amma duk abin da na sani game da halina a teburin birij, wasan kartar nan namu, na san shi, kuma yawancinsa ba mai daɗin ji ba ne.

Har gobe innarka ba ta yarda cewa ba caca muke yi a zaure ran Asabar ba. Na yi mata bayani ya fi sau ɗari. Mutum huɗu ne, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Kowa karta goma sha uku. Launin karta huɗu ne, sifed da hat da daimon da kulob, kowa ya jefa guda, babba ta kwashe sauran, ci ɗaya ke nan. A yi ciniki da baki, ɓangaren da ya yi alkawarin ci mafi yawa shi ke da wasan. Sai ɗaya daga cikinsu ya shimfiɗa kartarsa a tebur kowa yana gani, ya naɗe hannu, abokinsa ya buga hannu biyun shi kaɗai. Ko sisi ba a sawa. Sai ta ce, "To in ba kuɗi, me ke sa ka shigo gida kana huci kamar an ci maka gona?" Ban taɓa ba ta amsa ba. Kai zan ba ka yau.

Kuskurena na farko ya girme ka. Tun Gombe tana ƙarƙashin Bauchi, akwai wani Ba'indiye malamin lissafi da ke neman waɗanda za su cika masa tebur. Ya zo ofishinmu neman taswirar filin makarantarsu, ya kama ni ya koya mini. Bayan wata uku ya kawo Mista Iliya, lokacin yana matashi siriri, sabon malami daga wajen Kaltungo, da wandonsa mai faɗin ƙafa. Dikko, ni na nuna wa Iliya yadda ake riƙe karta kada na kusa ya leƙa. Ni na gaya masa as ya fi sarki, sarki ya fi sarauniya. Wannan maganar na yi ta tauna ta shekara da shekaru kamar goro.

Da Ba'indiyen zai koma ƙasarsu, ya fito da wani ɗan littafi duk ya tsufa, cike da matsalolin wasa. A zana maka hannunka da na abokinka, a ce ga kartar da aka fara jefowa, ana son ci tara, yaya za ka yi? Ni ya fara miƙa wa, Allah ne shaida. Na jujjuya shi na ce na gode, ni a tebur nake koyo, ba a takarda ba. Iliya ya karɓa hannu biyu. Daga nan duk yammar da ka je gidansa sai ka tarar ya baje karta a farantin matarsa, shi kaɗai, yana magana da kansa da yarensu. Nakan tsaya a kansa in ce, "Mista, yau kuma kai da wa? Ko aljanu ne suka cika maka tebur?" Ya yi dariya ya ce, "Zauna mana, Malam Buba, ka ga wannan, ta hana ni cin abinci." Ban taɓa zama ba.

Shekara ba ta zagayo ba na ga sakamako. Muna ɓangare ɗaya ni da shi, wasan ya faɗa hannunsa, ni na shimfiɗa. A kartata akwai kulob shida, as da sarki da ƙanana huɗu, ban da su babu wata mai ci. Shi yana da ƙananan kulob biyu. Ya daɗe yana kallo har na fara kaɗa ƙafa. Sai ya jefa ƙarami daga hannunsa, ya ce ni ma in sa ƙarami, ya bar abokan hamayya suka ɗauke a banza, as da sarki suna zaune suna kallo. Na ja tsaki da ƙarfi na ce, "Ashsha, Mista! Sadaka kake yi?" Bai kula ni ba. Da wasa ya dawo hannunsa ya jefa ɗayan kulob ɗin, as ya ci, sarki ya ci, na hannun mutanen suka ƙare, ƙananan nan uku suka bi suka ci ɗaya bayan ɗaya. Da ya yi irin tawa ya dafe as da sarki tun farko, da ba shi da sauran kulob ɗin da zai koma tebur da shi, sai ƙananan su ruɓe a wurin.

Mun ci wasan. Ka ji fa, mun ci, ni da shi, maki ɗaya aka rubuta mana. Amma na hau babur na koma gida kamar wanda aka yi wa rasuwa, tuwo ma ban iya ci ba. Abin da ke cina shi ne mutanen teburin sun ce, "Kai, Mista!" ba su ce, "Kai, Malam Buba!" ba, kuma duk sun ji tsakina. Hassada ce, ba ta da wani suna, ko da yake a ranar na ce wa innarka ciwon kai ne.

To ga abin da nake so ka ɗauka. A Ibadan za ka tarar da waɗanda suka fi ka, gaba da gabanta, wannan ba ya ciwo sosai. Mai ciwon shi ne wanda ka riga zuwa, ka nuna masa hanyar ɗakin karatu da inda ake sayar da abinci, bayan wata shida ya wuce ka. Ranar da ƙirjinka ya yi zafi a kan irin wannan, kada ka tsaya neman aibinsa, don za ka samu, kowa yana da shi. Ni na gano Iliya yana da rowar gyaɗa da yawan gyaran murya, kuma gano hakan bai ƙara mini ci ko ɗaya ba. Je ka same shi ka ce, me kake yi da ni ba na yi? Ka tambaya a makon nan, tun abin bai yi tauri a zuciya ba. Ni sai da na shekara goma sha ɗaya kafin na sayi faranti nawa, kuma a ɓoye na fara, in na ji sallamarsa a ƙofa in rufe da jarida.

Abin da farantin ya koya mini a makare, kai ka san shi tun kana shekara sha tara, amma bari in faɗa don a ce ni ma na koya maka wani abu. Kafin ka taɓa karta ta farko, ƙirga cin da ke hannunka tabbas, ka ga nawa ya rage, ka tambayi kanka daga ina za su fito, da kuma ta wace ƙofa za ka koma tebur. Yawancin wasan da na zubar, a kartar farko na zubar da shi, don ina saurin a ga na iya.

Na biyu ya fi na farko muni, domin har da abokina na cuta. Da na ga duk lokacin da wasa ya faɗa hannun Iliya yabo yake sha, sai na shiga dabara. Wurin ciniki in karkata magana yadda wasan zai faɗo hannuna, shi ya shimfiɗa ya naɗe hannu. Ya ce yana da hat masu kyau, na ji shi sarai, sai in yi kunnen uwar shegu in nace a kan sifed ɗina guda huɗu marasa ƙarfi. Mun sha faɗuwa a wasan da ɗan koyo ma zai ci. Iliya ba mai faɗa ba ne. Sai dai ya tattara karta ya ce, "Ba komai, Malam Buba, rabo ne." Wannan "ba komai" ɗin nasa ya fi zagi ƙona mini rai.

Wanda ya fasa ƙwan shi ne Alhaji Modu. Ka tuna lokacin da rikici ya koro shi daga Borno da iyalinsa, ya kama haya a Kagarawal ya buɗe ɗan shagon turare. Yana da shekara hamsin da ɗoriya ya fara koyon birij a zaurenmu, don ya ce in ya zauna shiru tunanin gida zai kashe shi. Saboda shi ne ma Iliya ya ɗora al'adar ba mu matsala guda duk Asabar. Yanzu a waya yake samo su, ya kwafa a takarda da jan biro da baƙi, mu kawo amsa Asabar ta gaba. Babarbare kuwa ka san tsakaninsu da mu Fulani, abin da ya ga dama zai faɗa maka a ce wasa ne. Ran nan na sake ƙwace wasa na faɗi da biyu, sai ya ajiye kartarsa ya gyara hula ya ce, "Kai bawan nan nawa, yau na gane ka. Ka fi son ka faɗi da hannunka a kan ka ci da hannun Mista. Haka kuke ai, saniya ta mutu a garkenku ta fi muku ta yi ƙiba a na wani." Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, na rama da cewa ina Babarbare ina karta, jiya-jiya yake riƙe sarki kai a ƙasa. Amma na yi kwana uku maganar tana bina har masallaci.

Duk aikin da za ka yi da wani, Dikko, a makaranta ko a ofis ko ma a aure, akwai ranar da kartar kirki za ta kasance a hannunsa, kai naka shi ne ka shimfiɗa abin da kake da shi ka yi shiru. Ka koyi wannan shirun. Yana da wuya, ni har yau hannuna yakan yi ƙaiƙayi, nakan sa shi a ƙarƙashin cinya. In abokinka ya ci, ka faɗa da bakinka cewa ya iya, a wurin, mutane suna ji. In ka bari sai ka je gida ka shirya kalmomin, ba za su fito ba.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro. Duk na sama zagaye-zagaye ne, kai ma ka gane.

Kai ne ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa ɗaukar ka a gaban mutane ba. Ranar da sakamakonka na sakandare ya fito maƙwabta suka shigo barka, ni na ce, "To, Allah Ya sa albarka," na ci gaba da sauraron rediyo. Haka mahaifina ya yi mini, haka aka yi masa. Kunyar ɗan fari ce, kuma ban ce mugun abu ba ne, mutane da yawa suna yin ta da zuciya fal da so. Sai dai wuri ne mai kyau na ɓuya ga wanda ke da abin ɓoyewa, ni kuwa ina da shi.

Da ƙafar Malam Audu, na huɗunmu, ta fara matsa masa yana fashin Asabar, kai muka riƙa sawa a kujerarsa. Wata biyu kacal na ga abin da na gani. Kana kallon tebur shiru, irin kallon Iliya, sannan ka buga ba gaggawa. Wata rana ka bar ci da gangan, ka dawo ka kwashe huɗu, Iliya ya buga tebur ya ce, "Malam Buba, yaron nan yana da ido! Wa ya koya masa wannan?" Na ce, "Uhm, raba karta, Mista." Alhaji Modu ya ce, "Ƙyale shi, fulako ne, kunyar nan tasu ta Fulani, ba zai yabi ɗan fari ba ko za a yanka shi." Suka yi dariya, har suna ganin girmana. Wallahi ba fulako ba ne. Abin da ya hana ni cin tuwo shekarun baya shi ne ya dawo, a kan ɗan da na haifa. Iliya ya shekara talatin a gabana bai taɓa buga tebur saboda ni ba.

Sai matsalar nan ta zo, shekara biyu ke nan. Ka san ta, amma zan rubuta ta don kada ka ce na manta ko ɗigo. Ana son ci tara, babu launin yanka, wato launin da ke cinye sauran. A tebur akwai as da sarkin hat su biyu kawai, da daimon shida daga sarki zuwa ƙasa a jere, sauran tarkace. A hannuna ƙaramin hat guda ɗaya, as ɗin daimon shi kaɗai tilo, da as ɗin sifed. Aka fara jefo hat, tebur ya ci. To daga nan fa? In na zo hannuna da as ɗin daimon, ba ni da hat ɗin komawa, daimon biyar masu ci su mutu a tebur ina kallo. Asabar ta farko babu wanda ya kawo amsa. Iliya ya yi murmushin nan nasa ya ce ya ƙara mana mako guda. Na rantse a raina wannan karon ni zan kawo ta, ko da me. Kwana goma sha biyu farantin yana zaure. Na juya matsalar, na sake juyawa, na zargi Iliya da kuskuren kwafa, har na je gidansa a unguwar Hammadu Kafi wai gaishe shi, ina satar kallon teburinsa ko zan ga takardar amsa.

Ran Alhamis bayan la'asar ka shigo daga makaranta, jaka a kafaɗa, waya a hannu. Ka gaishe ni, ka tsaya a kan farantin. Ban jin ka yi minti biyar. Ka ce, "Baba, in aka buga sarkin hat, ai ba ka da hat, kana iya jefar da duk abin da ka so. Me zai hana ka jefar da as ɗin daimon? Shi ne ya tare hanya."

Ka tuna abin da na ce maka? Ni na tuna. Na ce, "Wa ya tambaye ka? A gidan uban wa ake jefar da as? Wuce ciki, innarka na neman ka." Ka ce, "Sori, Baba," ka wuce.

Labulen bai gama kaɗawa ba na buga ta yadda ka ce. As ɗin hat, sarkin hat, na jefar da as ɗin daimon a kansa. Sarkin daimon ya zama babba, shida suka ci a jere daga tebur, takwas ke nan, as ɗin sifed na tara. Ta fita tas. Duk wanda ya iya wasa zai ce wannan ai ba wuya, haka ne, bayan an nuna maka. Ni a kwana goma sha biyu ko sau ɗaya hannuna bai je kan as ɗin nan ba, don a wurina as ba abin yarwa ba ne. Na zauna ina kallon farantin, maimakon in ce alhamdu lillahi sai na ji kamar an zuba mini barkono a ƙirji. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ga yaro ko kujera bai hau ba, jakarsa ma bai sauke ba.

Ina da Juma'a guda cur da zan kira ka in ce, Dikko, ka yi daidai. Mun tafi masallaci tare, mun dawo tare, ka riƙe mini takalmi a ƙofa. Ban ce komai ba.

Ran Asabar Malam Audu bai zo ba, kana kujerarsa. Iliya ya ce, "To, malamai, wa ya kawo?" Alhaji Modu ya ɗaga hannu sama ya ce shi ya sallama. Ni na jawo farantin, na gyara zama, na yi gyaran murya. Har jinkiri na yi kafin in ɗauki as ɗin, don abin ya yi armashi. Na jefar da shi. Alhaji Modu ya cire hula ya ce, "Tabɗi! Bafillace ya yar da sa!" Iliya ya miƙe tsaye, da ciwon bayansa da komai, ya kama hannuna ya ce, "Shekara talatin ina jiran ranar da za ka jefar da as, Malam Buba. Yau na gani." Na ɗaga ido na same ka kana kallona. Ba fushi a fuskarka, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ka ce, "Sannu, Baba," ka sunkuyar da kai kana jera kartarka.

Ka san abin da ya fi komai muni a ciki? Na san ba za ka yi magana ba. Da wannan na dogara. Ni na tarbiyyantar da kai cewa yaro ba ya ƙaryata ubansa a gaban manya, sai na ɗauki tarbiyyar na yi maka sata da ita. Kuma dubi wautar: da na ce amsar Dikko ce, da cewa za su yi barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, yabon ya dawo kaina ta ƙofar gaba. Hassada ko lissafi ba ta iya ba.

Daga Asabar ɗin nan ba ka sake zama a teburin ba. Yau karatu, gobe ƙwallo, jibi an aike ka. Malam Audu ya riƙa jan ƙafarsa yana zuwa dole. Iliya ya tambaye ni kai ya fi sau goma, na ce yaran zamani ne, waya ta ɗauke musu hankali. Innarka, wadda ta tsani karta, ita ce ta tare ni wata rana tana tsince shinkafa ta ce, "Yaron nan ya daina taɓa kartarku, na gode Allah. Amma ban ji daɗin yadda ya daina ba. Malam, me ka yi masa?" Na ce mata ta ji da shinkafarta.

Nasihata a nan kashi biyu ce, kuma ta biyun ta fi mini nauyin faɗa. Ta farko, wata rana za ka zama babba a wani wuri, ɗalibinka ko ɗanka zai ga abin da ka kasa gani. Zafin zai zo, kada ka ɗauka kai ka tsira, jinina ne a jikinka. In ya zo ka faɗi sunan mai abin da sauri, kafin zuciyarka ta kawo maka dalilai, don tana da su da yawa kuma duk masu kama da gaskiya. Ta biyu, shirun da ka yi mini kada ka yi wa kowa shi a can. Inda za ka, kanka ne jarinka. Za a sami babba, mai furfura kamar tawa, da zai ɗauki aikinka ya sa sunansa, yana dogara da ladabinka. Ka same shi shi kaɗai, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, ranka ya daɗe, wannan ni na yi. Ba rashin kunya ba ne. In kuma ka ga ba za ka iya ba, to aƙalla kada ka bar abin da ka iya saboda shi. Ni na yi laifin, kai ka bar karta, wannan hukuncin bai faɗa inda ya dace ba. Ka nemi masu wasa a can, ba za a rasa ba a gari irin wannan. Ka sayi karta da faranti, ka riƙa warware matsala ko guda a mako.

Asabar da ta wuce na gaya musu. Ba jarunta ba ce, ganin jakarka a tsakar gida ne ya tsorata ni. Kafin a raba karta na ce ina da magana, na faɗa musu duka, har da "wa ya tambaye ka". Na ɗauka Alhaji Modu zai samu abin tsokana na shekara guda. Shi kuwa sai juya zobensa kawai yake yi. Iliya ne ya ce, "Ka san ranar nan da na koma gida na gaya wa matata yau Malam Buba ya faranta mini rai? Har ta ce in kawo maka zabo." Na ce na tuna zabon, mun ci. Ya ce, "Ka gaya wa yaron?" Na ce tukuna. Ya ce, "To ba ka gaya wa kowa ba ke nan. Mu ba mu aka yi wa sata ba."

Sannan ya yanke hukunci, kuma ban yi musu ba. Ya ce in ka zo hutun Disamba, kai za ka zauna a gabansa, a kujerar da na shekara talatin a kai. Ni in ja benci gefe in yi kallo, ba tsaki, ba kaɗa ƙafa. Alhaji Modu ya ce shi zai zauna kusa da ni ya riƙe mini baki. Na ce na yarda. Kuma don kada in rufe takardar nan da wata ƙaryar, ina faɗin "na yarda" ɗin nan ƙirjina yana zafi, don na san ku biyun in kuka haɗu babu mai cin ku a garin nan, kuma na san zai buga tebur. Ban warke ba, Dikko. Na dai daina kiran abin da sunan da ba nasa ba.

Ban sani ba ko za ka yarda ka zauna. In ka ƙi, hakkinka ne, ba zan aiko innarka ta roƙe ka ba. Amma amsar nan taka ce, kai ka gan ta, cikin minti biyar, ni na kasa a kwana goma sha biyu. Ka fi ni wasan nan nesa ba kusa ba, kuma tun ranar da ka fara zama na sani. Ka yafe mini.

Gobe a tasha zan tsaya nesa da motar, in ce maka Allah Ya kiyaye, in juya ina duba waya kamar ana nemana. Lokacin da kake karanta wannan ka riga ka gani. Wannan karon kunyar ce ta gaske.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Ya buɗe maka karatu, Ya tsare ka daga hassadar mutane, ta nesa da ta gida. Ya yi maka albarka duniya da lahira. In ka yi salla ka sa ni a addu'a, ka san abin da za ka roƙa mini. In ka sauka ka kira innarka, ba za ta ci abinci ba sai ta ji muryarka, ni kuma ina kusa da ita ina ji.

Wassalam.

Mahaifinka,
Buba